Idan kafil ya soke iƙama: Haƙƙoƙin da doka ta bar wa ma'aikaci baƙo a Saudiyya da Dubai

Da wuya a sami unguwa a Kano ko Katsina ko Maraɗi da ba ta da ɗa ko 'ya da ke aiki a Saudiyya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wasu direbobi ne, wasu masu gadi, wasu ma'aikatan jinya, wasu kuma aikatau suke yi a gidaje. Kusan dukkansu zamansu ya rataya ne a kan takarda guda, wato iƙama, wadda mazauna can suka fi kira igama. Takardar izinin zama ce, kuma tana ɗaure da sunan wanda ya ɗauki mutum aiki, wato kafil.

Saboda wannan ɗaurin ne hankalin ma'aikaci da na iyalinsa na gida ke tashi duk ranar da aka ce kafil ya soke takardar. Da yawa sukan ɗauka cewa magana ta ƙare, sai su haɗa kaya su bar albashin watanni a baya, ko kuma su ɓuya a gidan wani ɗan uwa har a kama su. Dokokin ƙasashen biyu kuwa sun raba abu biyu: izinin zama daban, haƙƙin da mutum ya yi wa gumi daban. Sokewar ta shafi na farko ne, ba ta goge bashin da ke kan uban gida ba.

Yadda ake raba mutum da iƙamarsa a Saudiyya

Ta hanyoyi uku ne lamarin ya fi faruwa, kuma kowace da hukuncinta.

Ta farko ita ce kafil ya fitar wa ma'aikaci bizar fita ta ƙarshe, wadda ake kira huruj niha'i da Larabci. Daga ranar da aka fitar da ita, wa'adin barin ƙasar ba ya wuce kwana 60. Ana iya duba ainihin ranar ƙarewarsa a manhajar Absher. Wanda ya bari wa'adin ya cika yana cikin ƙasar zai biya tara, kuma zamansa ya koma na karya doka.

Ta biyu ita ce kafil ya kai rahoton cewa ma'aikaci ya daina zuwa aiki, abin da aka fi sani da hurub, wato gudu. A da, rahoton kaɗai ya isa ya mayar da mutum abin nema ga jami'an tsaro. A watan Oktoban 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta sauya tsarin ga ma'aikatan kamfanoni. Yanzu idan aka shigar da rahoton, ma'aikaci na da kwana 60 da zai iya komawa ƙarƙashin wani kamfani ko ya nemi bizar fita. Sai idan kwanakin sun ƙare bai yi ko ɗaya ba ne za a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu, daga nan sai kamu da tsarewa a cibiyar mayar da baƙi gida, irin ta Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, tare da hana shi sake shiga ƙasar.

Ta uku ita ce kafil ya yi biris har iƙamar ta mutu ba tare da ya sabunta ta ba. A nan laifin nasa ne, domin sashe na 40 na Dokar Ƙwadago ta 2005 ya ɗora masa kuɗin yin iƙama da lasisin aiki da sabunta su, har da tarar da jinkirinsa ya jawo.

Abin da gyaran 2021 ya canza

A ranar 14 ga Maris, 2021 Saudiyya ta fara aiki da wani gyara da ya sassauta tsarin kafala. Ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bayan kwantiraginsa ya ƙare ba tare da neman yardar kafil ba, kuma yana iya neman sauyin bayan ya cika shekara guda a ƙasar idan ya ba da sanarwa kamar yadda aka tsara. Haka kuma yana iya neman bizar fita da kansa. Ana yin waɗannan ne ta manhajojin Qiwa da Absher.

Akwai kuma yanayin da ke ba shi damar sauya kafil tun kafin shekarar ta cika. Daga ciki akwai rashin biyan albashi na wata uku a jere, da mutuwar iƙama ko lasisin aiki, da kuma gazawar kamfani wajen yi wa kwantiragi rajista cikin wata uku da isowar ma'aikacin.

Sai dai gyaran bai haɗa da masu aikatau a gidaje da direbobin gida da makiyaya da masu aikin lambu ba, alhali a nan ne 'yan Afirka da dama suke. Masu aikin gida suna da nasu tsarin dabam a ƙarƙashin manhajar Musaned, kuma kuɗin sallamarsu albashin wata guda ne bayan shekara huɗu a jere a hannun uban gida ɗaya.

Kuɗin da dole a biya

Ko da wace hanya aka bi aka raba gari, akwai haƙƙoƙin da ma'aikacin kamfani ke bi. Akwai ragowar albashi, da kuɗin hutun shekara da bai ci ba, da kuɗin sallama, da tikitin komawa gida, wanda sashe na 40 ya ɗora wa uban gida bayan aiki ya ƙare.

Sashe na 84 ne ya fayyace kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara da ta biyo baya, kuma da albashin ƙarshe ake lissafi. Misali, mai ɗaukar riyal 2,000 a wata da ya shekara bakwai yana aiki zai sami riyal 5,000 na shekara biyar ɗin farko da riyal 4,000 na biyun ƙarshe, jimilla riyal 9,000.

Idan kuwa shi ne ya ajiye aikin, sashe na 85 ya rage kuɗin: kashi ɗaya cikin uku ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, kashi biyu cikin uku ga wanda ya wuce biyar bai kai goma ba, sai cikakke daga shekara goma. Ma'aikacin wancan misali zai tashi ne da riyal 6,000. Wannan ne dalilin da wasu kamfanoni ke lallaɓar wanda suke son kora ya rubuta takardar murabus da hannunsa.

Kwantiragin baƙo a Saudiyya mai wa'adi ne. Saboda haka idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba kafin wa'adin ya cika, sashe na 77 ya ba shi diyyar albashin watannin da suka rage, sai fa idan kwantiragin ya ambaci wata diyya ta musamman, kuma kada ta gaza albashin wata biyu. Sashe na 88 kuma ya wajabta wa uban gida kammala biyan komai cikin mako guda idan shi ya sallami ma'aikaci, ko mako biyu idan ma'aikacin ne ya tafi.

Doka ta ba uban gida shi ma kariya. A ƙarƙashin sashe na 80, wanda ya yi fashin aiki fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a shekara ba tare da uzuri ba, ana iya korarsa babu kuɗin sallama bayan an yi masa gargaɗi a rubuce. Shi ya sa barin wurin aiki cikin fushi ba tare da shigar da ƙorafi ba kan zama asara biyu.

Inda ake kai kuka

Matakin farko shi ne ofishin sasanci na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma ana iya shigar da ƙorafi ta intanet ko a nemi bayani a lambar ma'aikatar, 19911. Ofishin na da kwana 21 na aiki don sasanta ɓangarorin. Idan abin ya faskara sai a miƙa shi ga kotun ƙwadago, wadda ta fara zama a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a a watan Nuwamban 2018. Kotun ba ta sauraron ƙarar da aka kawo bayan wata 12 da ƙarewar aiki, sai da uzuri karɓaɓɓe ko kuma idan wanda ake ƙara ya amsa bashin.

Wanda aka yi wa rahoton gudu na ƙarya yana da damar ƙalubalantarsa, idan yana da shaidar cewa yana bakin aiki a kwanakin da aka ambata. Wanda kuma wa'adin fitarsa ya ƙarato alhali shari'a ba ta ƙare ba, zai iya yi wa lauya ko wani amintacce wakilci a hukumance tun kafin ya hau jirgi. Yin hakan daga Najeriya ko Nijar ya fi tsada da wahala.

Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasar, ko da al'adar ba ta gushe ba. Idan kafil ya ƙi sakin fasfo, ana kai ƙorafi ma'aikatar, sannan Ofishin Jakadancin Najeriya da ke Riyadh da ƙaramin ofishin da ke Jidda suna ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ke son komawa gida.

Yadda abin yake a Daular Larabawa

A Dubai da Abu Dhabi da sauran masarautun, dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021 ce ke aiki tun ranar 2 ga Fabrairu, 2022. A can, sokewa mataki biyu ce: a soke lasisin aiki a Ma'aikatar Ƙwadago, sannan a soke bizar zama a hukumar shige da fice. A matakin farko ana buƙatar sa hannun ma'aikaci cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa, kuma a nan ne mutane da dama ke yanke wa kansu hanya.

Dokar ta ba uban gida kwana 14 daga ƙarewar kwantiragi ya biya komai. Kuɗin sallama ga wanda ya cika shekara guda shi ne albashin kwana 21 a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da na kwana 30 a kan kowace shekara bayan haka. Ana lissafin ne da tsurar albashi, ban da alawus-alawus, kuma jimillar ba ta wuce albashin shekara biyu.

Bayan an soke biza, akwai wa'adin da mutum zai iya zama don neman sabon aiki ko shirin tafiya. Tsawonsa ya danganta da nau'in biza da matakin ƙwarewa, daga kwana 30 har zuwa wata shida. Wanda ya zarce wa'adinsa ana cin sa tarar dirhami 50 a kowace rana. Tun daga 2024 ma'aikatar na da ikon yanke hukunci da kanta a kan taƙaddamar da ba ta wuce dirhami 50,000 ba, sannan an tsawaita lokacin shigar da ƙara daga shekara guda zuwa biyu.

Waɗanda ba su da madafa

Duk waɗannan tanade-tanade sun fi amfanar wanda ya shiga da bizar aiki kuma kwantiraginsa na da rajista. Wanda ya tafi Umara ko ziyara ya maƙale yana aiki ba shi da iƙamar da za a soke tun farko, kuma zuwansa ofishin hukuma na iya ƙarewa da kamu. Haka shi ma wanda dillali ya sayar wa abin da ake kira biza hurra, inda mutum ke biyan kafil kuɗi don ya bar shi ya nemi aiki a waje. Dokar Saudiyya ta haramta yi wa wanda ba kafil ba aiki, saboda haka kafil ɗin na iya kai rahoton gudu a duk ranar da biyan ya tsaya.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 kan haƙƙin ma'aikata baƙi ta tanadi cewa rasa aiki kaɗai bai kamata ya raba mutum da izinin zamansa ba. Najeriya da Nijar sun shiga yarjejeniyar, amma ƙasashen yankin Gulf ba su shiga ba. Don haka dokar ƙasar da mutum yake ciki ce madogararsa.

Abin da ya rage a hannun ma'aikaci da iyalinsa

Shari'ar ƙwadago da takardu ake cin ta. Ma'aikacin da ya adana kwafin kwantiragi da fasfo da iƙama da bayanan shigar albashi a banki, ya kuma tura wa wani nasa a gida, ya fi wanda ke da gaskiya ba shi da shaida. Karɓar albashi a hannu ba tare da rasit ba na raunana ƙara, haka nan sa hannu a farar takarda ko a rubutun Larabci da mutum bai fahimta ba. Takardar da ke cewa an biya shi komai ba ta cancanci sa hannu ba sai kuɗin sun shiga asusu.

Su kuma 'yan uwa na gida, waɗanda galibi su ne suka sayar da fili ko suka ci bashi don tafiyar, suna iya kai rahoto ga Hukumar Kula da 'Yan Najeriya Mazauna Ƙetare, NiDCOM, ko ga NAPTIP idan akwai alamun safarar mutane ko aikin tilas. Kafin wani ya sake tafiya kuma, ana iya tambayar Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ko kamfanin da ke shirya tafiyar na da lasisin ɗaukar ma'aikata. Wanda an riga an soke tasa iƙamar, abu na farko da zai yi shi ne ya duba ranar da wa'adinsa zai cika, sannan ya shigar da ƙorafinsa kafin ranar ta zo.