Daga Ƙaron Dakwara Zuwa Danƙon Man Zurma

Tun kafin zuwan gam na kanti Bahaushe ya san danƙo, kuma a jikin itace ya san shi. A ƙasar Garki ta masarautar Ringim, cikin Jihar Jigawa, da garuruwan da ke arewa da ita har iyakar Nijar, akwai itacen dakwara, wanda akan tsaga ɓawonsa da rani, ƙaro ya tsattsafo ya daskare. Wannan ƙaro shi ne malamai da almajirai kan jiƙa su zuba a tawada domin ta kama allo. To, amma abin da ya sa ya dace da allo shi ne aibinsa a wurin kafinta da baduku, watau ruwa yana narkar da shi. Almajiri yana so ya wanke allonsa in ya biya karatu. Mai takalmi kuwa ba ya so damina ta raba masa fata da tafi.

Ɗaya daga cikin ire-iren danƙon da ba su tsoron ruwa shi ne wanda masana ke kira foliyuretan. Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jamus cikin 1937. Ana samunsa ta haɗa sinadarai biyu, foliyol da aisosayanet. Domin sauƙin fahimta, a ɗauka cewa kowace ƙwayar foliyol tana da hannuwa, na aisosayanet kuma suna cafke su. Idan hannuwan kowace ƙwaya sun wuce biyu, sai haɗin ya zama saƙa kamar raga, kuma da zarar ta ƙullu ruwa ba ya warware ta. Mafi yawan abin da ake sayarwa na waɗannan sinadarai daga man fetur ake fitar da shi.

A nan ne zurma ta shigo, tsiron da wasu ke kira cika-gida, wanda kan fito a juji da bayan gari ba wanda ya kula da shi. Kusan kashi 90 cikin 100 na manta wani sinadari ne mai ɗauke da irin hannuwan nan tun daga halitta, don haka ana iya haɗa shi da aisosayanet kai tsaye. Man gyaɗa da na riɗi ba su da wannan baiwa. Sai an sarrafa su mataki-mataki an ƙirƙira musu hannuwa. Bugu da ƙari, su abinci ne, kuma ba hikima ba ce a ɗebe mai daga tukunya a kai shi masana'antar gam. Ita zurma ba a cin ta, hasali ma ƙwayarta da tunkuzarta guba ne ga mutum da dabba. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta a yau.

Shi kuwa selulos shi ne zaren da ke ba tsiro ƙarfi, kamar na auduga da karan dawa. Akan tace shi, a niƙa shi lilis, a zuba kaɗan cikin haɗin, ya yi aikin da ramno ke yi a ƙasar gini. Sharaɗi ɗaya ne: sai ya bushe ƙayau, domin aisosayanet na gamuwa da laima sai ya fid da iska, danƙon ya yi kumfa ya raunana. Marubutan waje kan kira kara shara. A Garki ba haka ba ne. Da shi ake danga, da shi ake girki, dabbobi kuma suna ci, saboda haka duk mai son sa sai ya saya.

Sauran abu guda da bai kamata a ɓoye ba. Ko an sami foliyol daga gona, aisosayanet har yanzu ɗan fetur ne, ana yin sa da iska mai guba, kuma shaƙar tururinsa na jawo asma. Ke nan danƙon da ake cewa na tsiro ne, ɓangarensa guda kawai manomin zurma zai iya samarwa, ɗayan kuwa sai an shigo da shi.