Ma'ajin Makaranta: Ma'aikacin da Ake Mantawa da Shi Ranar Rabon Yabo

Duk ranar 5 ga Oktoba ana bikin Ranar Malamai ta Duniya, kuma malamai sun cancanci hakan. Ranar yaye ɗalibai kuwa shugaban makaranta ne ke jawabi, a kira zakarun ɗalibai su karɓi kyauta, a yi wa malamin lissafi tafi. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya biya kuɗin rumfar da ake zaune a ƙarƙashinta, wato ma'ajin makaranta. Iyaye ba sa tuna shi sai ranar biyan kuɗi, malamai kuma sai idan alawus ya makara. Ma'aji da yawa haka suke shekara talatin da ɗoriya, su yi ritaya, su tafi ba tare da kowa ya ce musu sannu da aiki ba.

Wanda yake son sanin nauyin wannan kujera ya leƙa makarantar kwana ana saura mako biyu a dawo hutu. Ma'aji ne zai zauna da shugaban makaranta da mai kula da sito su lissafa buhunan shinkafa da masara da wake da jarkokin manja da za su ciyar da ɗalibai har ƙarshen zango. Shi zai tabbatar abin da ɗan kwangila ya sauke ya yi daidai da abin da aka rubuta kafin a shirya masa baucar biya. Man janareto, gyaran rijiyar burtsatse, alli da takardu, maganin ɗakin shan magani, haƙƙin masu gadi da masu dafa abinci, duk ta teburinsa suke bi. Idan lokacin rajistar WAEC ko NECO ya yi, sakaci na kwana kaɗan wajen tura kuɗi na iya jawo wa makaranta tara, ko ya sa yaro ya rasa shekara guda. Kowace naira kuma dole ta bar shaida a rubuce, domin odita na tafe, kuma ba ya karɓar "wallahi an kashe" a madadin rasit. Matsalar wannan aiki ita ce idan an yi shi da kyau babu abin da ake gani: abinci ya dahu a kan lokaci, wuta ta kama, shi ke nan.

Ma'ajin da ya kama aiki wajen 1990 ya ga sauye-sauye masu yawa. Ya fara ne da katon littafin shige da ficen kuɗi da ake cikawa da biro, lokacin da ake ƙirga albashi a kan tebur. A 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimi a matakin farko, da sharaɗin jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa. A shekarar ce kuma aka kawo sabon tsarin fansho na karo-karo. A 2007 dokar bayar da kwangila ta zo da nata ƙa'idojin. A 2015 gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya na TSA, kuɗin makarantunta suka koma bi ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. Kowane sauyi ya zo da sabbin takardu da sabon horo, kuma mutumin da ya saba da biro ya koyi kwamfuta da furfura a kansa. A jami'o'i ma'aji na cikin manyan jami'an gudanarwa tare da magatakarda da shugaban ɗakin karatu, amma takwaransa na sakandare yana ɗauke da irin wannan amana ba tare da wannan daraja ba.

Amanar kuwa ita ce zuciyar maganar. Kullum akwai ɗan kwangilar da zai so a rubuta buhu ɗari alhali tamanin ya kawo, da babban da zai so a sa hannu yau a kawo rasit "daga baya", da ɗan'uwan da ke ganin ai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Wanda ya ce a'a yakan sha sunaye: mai taurin kai, marowaci, wanda bai san zaman duniya ba. Wani lokaci ma sakamakonsa canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsunsa. To wanda ya shekara talatin da biyar kuɗin jama'a na ratsa hannunsa, ya tashi littattafansa ba tabo, ya kai munzalin yabo.

Irin waɗannan mutane hidimarsu ba ta tsayawa a ƙofar makaranta. Da yake an san su da iya lissafi da tsoron haƙƙi, su ake naɗawa ma'ajin kwamitin ginin masallaci ko coci, su ke riƙe littafin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, su ake kira idan unguwa za ta yi karo-karon gyaran taransifoma. Ma'aji ne ke fara sanin yaron da mahaifinsa ya rasu kuɗin jarrabawa ya gagara, kuma sau da yawa shi ke nemo mai hali ya biya a ɓoye, yaron bai ma san ta ina taimakon ya fito ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake rubutawa a fayil ɗinsa na aiki.

A ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci na ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara wa'adin zuwa 65 ko 40, amma malamai ta ambata. Ke nan ma'aji na iya barin makaranta tun abokan da suka kama aiki tare suna aji. Yaya ya kamata a sallame shi?

Abu na farko, a kammala binciken littattafansa, a ba shi takardar wankewa. Daɗewa kaɗai ba ta isa dalilin karramawa ba, kuma lambar yabon da aka miƙa wa wanda kowa ya san ya yi ta'adi darasin banza take koya wa na baya. Na biyu, a biya shi garatuti da fansho a kan kari. Abin kunya ne mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana tabbatar da kowa ya sami haƙƙinsa ya koma bin ofis-ofis da fayil a hammata yana neman nasa. Agogon bango da shaddar da aka ba shi a walima ba za su sayi magani ba. Na uku, kada a bar saninsa ya tafi da shi. A haɗa shi da magajinsa na wasu watanni kafin ya tashi, kuma kwamitin kula da makaranta na al'umma ko ƙungiyar iyaye da malamai su riƙa neman shawararsa. Na huɗu, a yi karramawar a gaban ɗalibai, a faɗa musu dalla-dalla abin da ya sa ake yi: wannan bawan Allah ya riƙe kuɗin abincinku shekara da shekaru, kwabo bai yi ciwon kai ba.

Wannan na ƙarshe ya fi kowanne tasiri, domin yara na lura da wanda manya ke miƙewa tsaye dominsa. Idan kullum mai babbar mota ne ke samun kujerar gaba, sun fahimci saƙon ko ba a furta ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke gina azuzuwa suna karrama tsofaffin malamansu, su ne suka fi kowa ikon gyara wannan. A taronsu na gaba su tambayi wane ne ya riƙe asusun makarantar a zamaninsu, yana ina, an biya shi haƙƙinsa ko ba a biya ba. In yana raye a gayyato shi, in ya riga mu gidan gaskiya a nemi iyalinsa.