Injin Ɗaga Kaya a Bakin Kanal: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk wanda ya san Kura da Bunkure da Garun Malam ya san ƙasa ce da ba ta rabuwa da ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin kanal zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, rani da damina. Gyaran magudanan da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, da aikin titin Kano zuwa Zariya, da injinan casar shinkafa da ake ta kafawa, duk sun sa injin ɗaga kaya ya daina zama baƙo a yankin. Da shi ake sauke kwalbati, a ɗora taransifoma, a hau da tankin ruwa.

Haɗarin farko a nan yana ƙarƙashin injin ne. Motar ɗaga kaya tana miƙe ƙafafu huɗu ta dogara a kansu, kuma idan ta juya da kaya, kusan dukkan nauyin yana iya komawa kan ƙafa ɗaya. Gefen kanal kuwa sau da yawa ƙasar ciko ce, samanta a bushe, cikinta a jiƙe. Ƙafa ɗaya ta nutse ko da taƙi guda ne, injin ya tafi. Shi ya sa ake shimfiɗa katako mai kauri ko farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa, a kuma ja baya daga bakin ruwa. Direban da ya ce ba sai an yi haka ba, to gaggawa ce ke magana, kada a biye masa.

Sai maganar "tan ashirin" da ake rubutawa a jikin mota. Wannan ƙarfin na kayan da ke dab da injin ne. Gwargwadon yadda hannun ya miƙa, gwargwadon yadda ƙarfin ke raguwa, har ya koma ɗan kaɗan. Kowane inji yana da jadawalin da ke nuna haka, kuma mai aiki yana da haƙƙin ya ce a nuna masa.

Igiya da sarƙa su ne aka fi rainawa. Igiyar ƙarfe da zarenta ya fara tsinkewa, ko ta yi tsatsa, ko ta lanƙwashe, ta gama aiki. Sarƙar da aka kai wa mai walda ya haɗa ba ta ɗaga kaya ba ce kuma. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe, ko marfinta ya ɓalle, haka. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: idan aka rataya kaya da igiya biyu suka buɗe da kusurwar digiri 120, kowace ɗaya tana jan nauyin kayan gaba ɗaya, ba rabi ba. Dokar Masana'antu ta Nijeriya ta ce ƙwararre ya duba sarƙoƙi da igiyoyi duk wata shida, a kuma nuna iyakar nauyin da kowace ke ɗauka.

Iska ma tana kisa. A ranar 11 ga Satumba 2015, guguwa ta kayar da wani ƙaton injin ɗaga kaya a Masallacin Harami a Makka, mutane sama da 100 suka rasu, har da alhazan Nijeriya. Bincike ya nuna an bar hannun injin a tsaye saɓanin umarnin kamfanin da ya ƙera shi. A filayen noman yankin nan babu abin da ke tare iskar hadarin farkon damina. Da an ga hadari ya haɗo, a sauke kaya, a kwantar da hannun.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan kallo. Yara da masu talla kan yi cincirindo har ƙarƙashin kayan da ke lilo. A ja igiya a kewaye wurin, mutum ɗaya tak ya riƙa ba direba alama, a kuma ɗaga kai a duba wayar lantarki kafin a ɗaga hannun injin.