Kwale-kwalen Ɗinki: Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgi Mai Inji A Tsakar Gida

A wajenmu jirgin ruwa abin neman abinci ne. Basarke na kama kifi da shi, mai fito na ƙetarar da mutane ran kasuwa, kuma tun daga Gaya da Yawuri a bakin Kwara har Garwa a bakin Binuwai da Yeji a tafkin Volta, in ka ga mutum yana haɗa jirgi, to sana'arsa ke nan, galibi ma gadonta ya yi. A Turai da Amurka kuwa akwai dubban mutane, malaman makaranta da akawuna da tsofaffin da suka yi ritaya, waɗanda ke haɗa ƙaramin jirgin katako a garejin gidansu don sha'awa kawai, su ɗaura masa inji, su fita shan iska da iyalinsu. Abin da ya sauƙaƙa musu aikin shi ne wata dabara da suke kira "ɗinka ka liƙe", kuma ita muke so mu duba a wannan wata.

Wanda ya fito da ita wani malamin koyar da aikin kafinta ne a Ingila mai suna Ken Littledyke, abin da ya kamata ya faranta mana rai mu masu riƙe da alli. Ya lura cewa in aka yanka fallayen filawud bisa zane mai kyau, aka huda gefensu, aka ɗinke su da zaren fatsa, to da kansu za su lanƙwashe su ba da siffar jirgi, ba sai an fara kafa haƙarƙari ba. A 1962 Jack Holt da Barry Bucknell suka ɗauki dabarar, suka musanya zaren da wayar jan ƙarfe, suka zana wani ɗan jirgi mai tsawon mita 3.3 wanda jaridar Daily Mirror ta tallata, har ya ci sunanta. An haɗa fiye da 70,000 na wannan jirgi na Mirror, da yawansu a gidajen mutanen da ba su taɓa koyon kafinta ba. Ɗinkin jirgi dai ba baƙon abu ba ne a Kwara. A 1828 Bafaranshen nan René Caillié ya yi tafiya daga Jenne zuwa Tambutu cikin babban jirgi wanda aka ɗaure katakansa da igiya. Bambancin yana wajen gam, domin na dā kullum sai an yi ta kwarfe ruwa.

Shi kuwa injin da ake ratayawa a baya, Ole Evinrude, haifaffen Norwe da ke zaune a Milwaukee ta Amurka, shi ne ya fara sayar da wanda ya karɓu a kasuwa a 1909, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. An daina ƙera injin Evinrude a 2020, amma Yamaha da Suzuki da Tohatsu suna nan.

To, bari mu ɗauki jirgi mai tsawon mita 4, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, na mutum uku. Fallen filawud tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122, saboda haka dole a haɗa biyu kafin a sami tsawon. Ana fiƙe bakin kowanne a karkace, tsawon fiƙar ya ninka kaurin katakon sau 8, watau kimanin santimita 5 ga mai kaurin milimita 6, sannan a haɗa da gam a danne. Gefuna kan yi da milimita 6, ƙasa kuwa 9. Bayan an sauke zanen a kan katako an yanka da zarto, sai a bi gefe ana huda ƙananan ramuka kamar taƙi guda tsakani, a zura waya a murɗe. Cikin yini ɗaya abin da yake shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma sai ga shi ya tashi ya zama jirgi, yaran unguwa kuwa ba sai an aika musu ba. A nan ne ake bukatar haƙuri: a gwada daga goshin jirgin zuwa kowace kusurwa ta baya, in awon bai zo daidai ba jirgin ya murɗe, kuma da zarar gam ya kama, haka zai zauna yana karkata gefe guda har ƙarshen ransa.

Gam ɗin shi ne ifoksi, ruwa biyu da ake gaurayawa daidai da awon da kamfanin ya rubuta, ba ƙari ba ragi. Ana dama shi da garin katako mai laushi ya yi kauri kamar tunkuza, a cike kusurwoyin ciki, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai a jiƙa shi da gam. In ya bushe a zare wayoyin, a kifar da jirgin a yi wa waje haka. Littattafan Turawa don ƙasar sanyi aka rubuta su, mu kuwa zafi gare mu, kuma zafi na gaggauta kamun ifoksi ƙwarai. Wanda ya dama kofi cike da tsakar rana a watan Afrilu zai ga ya yi zafi har da hayaƙi, ya daskare kafin ya shafa rabinsa. A riƙa damawa kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa, a sa safar hannu domin yana jawo ƙaiƙayin fata mai wuyar rabuwa. Rana ma na cin ifoksi, don haka fenti wajibi ne.

Maganar katako ta fi komai muhimmanci. Filawud ɗin da ake yin silin da kabad da shi, in ya sha ruwa sai ya ɗaɗɗaye kamar shafukan tsohon littafi. Na jirgi daban ne, gam ɗinsa ba ya jin ruwa, cikinsa babu rami, kuma akan buga masa lamba BS 1088. Sai dai lamba tawada ce, kowa na iya bugawa. Shawararmu ita ce a yanki ɗan guntu a tafasa shi a tukunya na 'yan sa'o'i, a shanya, a sake tafasawa. In ya rabu, kada a kai shi ruwa. Wani abin mamaki, mafi shaharar filawud ɗin jirgi da Turawa ke saye daga itacen okume ake yinsa, wanda ke fitowa a dazuzzukan Gabon da maƙwabtanta, ga shi kusa da mu amma samunsa a kasuwanninmu sai an sha wuya. Ba shi da nauyi, yana lanƙwasuwa, amma yana saurin ruɓewa in ba a rufe shi da ifoksi ko'ina ba, musamman bakin yanka.

Allon baya, inda inji ke zama, shi ke ɗaukar nauyi da girgiza da turi duka. A ninka katako har kaurinsa ya kai aƙalla santimita 3, a tokare shi da ƙasan jirgin da kusurwoyi. Tsayinsa ya dace da ƙafar injin: kimanin santimita 38 ga mai gajeriyar ƙafa, 51 ga mai doguwa. In allon ya yi tsawo farfela za ta riƙa shaƙar iska, in ya yi gajarta ruwa zai shigo ta baya duk lokacin da aka rage gudu farat ɗaya.

Sannan ga jarabar babban inji. Jirgin mita 4 da ke ratsa ruwa ba ya wuce kamar kilomita 9 a sa'a cikin sauƙi, kuma injin doki 3 ko 4 ya ishe shi wannan. Kafin ya ɗago ya yi gudu a saman ruwa sai an ba shi doki 10 zuwa 15, kuma sai in don haka aka zana shi. Wanda ya ɗora wa jirgin da aka zana wa doki 5 injin doki 25 don a gan shi, ya sayi kifewa da kuɗinsa, kuma ba shi kaɗai ke ciki ba.

Ga wani lissafi na ɗan aji huɗu: lita ɗaya ta iska da aka rufe tana riƙe kilo ɗaya a saman ruwa. Katako ba ya nutsewa, amma inji ƙarfe ne, shi ke jan jirgin da ya cika da ruwa zuwa ƙasa ta baya. Turawa na rufe ƙarƙashin kujeru su mai da shi akwatin iska. Jarka huɗu ta lita 25, wofi, a toshe, a ɗaure su tam a ƙarƙashin kujeru, biyu a baya kusa da inji, sun ba da kilo 100, wanda zai riƙe jirgin mutane su kama shi har taimako ya zo. Wannan bai ɗauke wa kowa sa rigar ruwa ba, balle yara.

Malami mai dogon hutu zai iya gama aikin kafin a koma makaranta, in kayan sun haɗu. Kafin a yanka fallen farko dai a auna ƙofar zaure, don faɗin jirgin ya fi mita guda, kuma ba kowane maigida zai yarda a fasa masa katanga ba. Ran gwaji a nemi wuri marar zurfi, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a cire injin a ɗaura buhun yashi mai nauyinsa a gurbinsa, a cika jirgin da ruwa da gangan, a ga ko zai tsaya a sama. In ya tsaya, a kwarfe, a mai da inji, a ɗaura igiyar kashe shi a wuyan hannu, a ɗauki filafili biyu, sannan a tayar.