Yadda Matuƙi Ke Sauke Jirgi Cikin Lallami

Jirgin fasinja irin Boeing 737 yakan tunkari titin sauka yana gudun kusan kilomita 250 a awa ɗaya, ga nauyin da ya haura tan 50. Duk da haka sai a dire shi ƙasa fasinjan da ke gyangyaɗi bai ko farka ba. Mu duba yadda ake yi.

Aikin yana farawa ne tun jirgin yana da nisa. Matuƙi yakan buɗe ƙarin ɓangarorin fukafukai domin jirgin ya rage gudu ba tare da ya faɗo ba, sannan ya bi gangara mai karkatar digiri 3. Wato a kowace mita 100 da ya yi gaba, zai sauko kamar mita 5. Masu son lissafin kusurwoyi, ku gwada a littafinku ku gani. A gefen titin akwai fitilu huɗu a jere: idan biyu ja ne, biyu fari, yana kan hanya. Duka fari, ya yi sama da yawa. Duka ja, ya yi ƙasa, kuma nan ne haɗarin yake. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari, yakan dogara da siginar rediyo mai suna ILS.

Inda gwaninta take shi ne daƙiƙoƙin ƙarshe. Idan saura ƙasa da mita 10, matuƙi zai ɗan ɗaga hancin jirgin, ya rage ƙarfin injin, idonsa a can ƙarshen titi. Ya yi gaggawa, jirgin ya yi ta shawagi yana cinye titin. Ya makara, tayoyi su buga ƙasa da ƙarfi. Tayoyin baya ne ke fara taɓawa, sannan a sauke na gaba a hankali, birki ya kama.

Mu fasinjoji mun fi yaba saukar da ba mu ji ta a jiki ba, amma matuƙa ba haka suke aunawa ba. Abin da ya dame su shi ne tayoyi su taɓa a wurin da aka shata, kusan mita 300 daga farkon titi. Da damina, idan ruwa ya kwanta, da gangan suke dire jirgin da ɗan ƙarfi, don tayoyin su ratsa ruwan su kama kwalta, kada jirgin ya yi santsi.

Idan kuwa lissafin bai daidaita ba, sai matuƙi ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo ya sake gwadawa. Ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sukan yi ta maimaita sauka da tashi a ƙananan jirage kafin malami ya bar su su tashi su kaɗai.