Mai Tsaron Gida a Wasan Ƙwallon Gora

A watan Oktoba na shekarar 2003, birnin Abuja ya karɓi baƙuncin Wasannin Ƙasashen Afirka karo na takwas. Cikin wasannin da aka yi har da hoki, wato ƙwallon gora, inda ƙasar Masar ta ci lambar zinariya a ɓangaren maza. Akwai filin wannan wasa a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a shekarar 2019. Duk wanda ya je kallo zai ga ɗan wasa ɗaya da shigarsa ta bambanta da ta saura. Shi ne mai tsaron gida.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11, kuma ana yin wasan minti 60. Ƙwallon ƙarama ce, nauyinta kimanin giram 160, amma tana da tauri kamar dutse. Saboda haka mai tsaron gida yakan sa hular kwano, da safar hannu mai kauri, da kariyar ƙirji da ta ƙafafu. Waɗannan kaya suna da tsada da nauyi, ga kuma zafin rana. Ragar da yake tsarewa tana da faɗin mita 3.66 da tsayin mita 2.14.

A gaban kowace raga akwai rabin da'ira. Ba a lissafa ci sai ɗan gaba ya taɓa ƙwallo da sandarsa a cikin wannan da'ira. A cikinta ne kuma aka yarda wa mai tsaron gida ya tare ƙwallo da hannu ko ƙafa ko jikinsa. Ke nan babban aikin 'yan baya shi ne hana abokan hamayya shiga da'irar. Idan suka yi sakaci, ƙwallo za ta zo masa daga kusa, kafin ya motsa ta shige raga.

Lokaci mafi wuya gare shi shi ne gajeren bugun kusurwa, wanda ake bayarwa idan 'yan baya suka yi laifi a cikin da'ira. A nan mutum biyar kaɗai ke tsaron gida, har da shi kansa, sauran kuwa sai su koma tsakiyar fili. Da an turo ƙwallo, ɗaya zai ruga wajen mai bugu, wani ya tsaya a jikin turken raga. Idan ɗayansu ya makara, ko ya tare wa mai tsaron gida gani, da wuya a tsira.

Sau da yawa 'yan kallo sukan ɗora wa mai tsaron gida laifin kowane ci. Wannan zargi yakan karya masa gwiwa, har ya riƙa yin kuskuren da bai saba yi ba. Alhali kuwa galibi ɓarakar tana farawa ne tun daga tsakiyar fili. Shi ya sa masu horarwa suke koya masa ya riƙa yi wa 'yan baya magana, domin shi ne yake ganin filin gaba ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi
1. Me ya sa mai tsaron gida yake sa kayan kariya?
2. Mene ne babban aikin 'yan baya?
3. Mutum nawa ke tsaron gida a lokacin gajeren bugun kusurwa?