Lasota ba magani ba ce, 'yan uwa

Shekarata ta farko a kiwo, kajina suka fara tari da koren kashi. Na ruga na sayo Lasota na zuba musu a ruwa. Kafin mako ya zagayo na kwashe gawar fiye da rabin ɗaki. Laifina ne, na bari sai da ciwo ya shigo.

Abin da ke cikin kwalbar nan ƙwayar cutar Newcastle ce da ranta, sai dai marar ƙarfi. Idan ta shiga jikin kaza, fararen ƙwayoyin jini su gane ta, su fara haɗa sinadaran da za su kama ta. Aikin yana cin mako ɗaya zuwa biyu. Daga nan wasunsu su zauna riƙe da kamanninta, ranar da ta gasken ta shigo su taso mata da wuri.

To me ya sa ake maimaitawa? Ɗan tsako yana zuwa da garkuwar uwarsa ta cikin gwaiduwa, kuma tana iya danne rigakafin farko. Sai ta ja baya, wajen mako na uku, na biyun ke kamawa sosai.

Ku kula da ruwan famfo mai kulorin, kashe ƙwayar yake yi tun a mazubi.